Jita Biyu Daga Allo Ɗaya: Abin da Hunturun Jos Ya Yi wa Ta Farko

A wani gida da ke Gangare, cikin garin Jos, wani kafinta ya haɗa jita biyu a ɗan ɗakin da ke jikin zaurensa, tsakanin ta farko da ta biyu wata 15. Awonsu ɗaya, kuma daga allo ɗaya aka yanko fuskar kowacce, wato allon gaban da tsirkiya ke bi ta kansa. Ta farko ta tsage tun ba ta cika wata 6 ba. Ta biyu ta wuce hunturu, ta wuce damina, har yanzu ana kaɗa ta a situdiyo da wuraren biki. Na bi aikin tun daga farko domin gidana na kallon nasa, kuma da yake lissafi da fiziks nake koyarwa a sakandare, duk abin da ya shafi awo a kaina yake faɗawa. Abin da ya raba jitocin nan shi nake so in bayyana dalla-dalla, don na tabbata duk wanda zai gwada wannan aiki a Filato, ko ma a ko'ina a Arewa, da shi zai fara cin karo.

Mutumin ya haura shekara 30 yana yin gado da kujeru da ƙofofi, bai taɓa kaɗa ko da kuntigi ba. Ɗan wani amininsa ne, saurayi makaɗi, ya kawo masa jitarsa 'yar China da ta karye a wuya don ya ɗora. Ya ɗora ta, sannan ya zura ɗan madubi ta bakin jitar, ya haska da tocila, ya daɗe yana kallon cikin. Da ya ɗago sai ya ce, "Ɗana, ai wannan filawud ne aka shafa wa fenti. In dai wannan ce jita, da yardar Allah zan yi wadda ta fi ta." Saurayin ya ce, "Baba, in ka yi, ni ne mai sayen farko."

Saurayin ya so mai tsirkiyar ƙarfe, irin wadda ya saba. Sai dai tsirkiyoyin ƙarfe 6, idan an ɗaure su daidai, suna jan jaki, wato katakon da ke manne a fuska wanda tsirkiya ke hawa, da ƙarfin da ya kai kilo 70 ko fiye, dare da rana. Irin wannan jita tana buƙatar sandar ƙarfe mai noti a cikin wuya don kada ya lanƙwashe, da sandunan ciki masu gicciye irin waɗanda kamfanin Martin na Amurka ya yaɗa tun tsakiyar ƙarni na 19. Tsirkiyar nailan kuwa janta bai cika wuce kilo 40 ba, kuma wuyan katako zalla yana iya ɗauka. Kafintan ya tsaya a kan nailan, kuma a ganina ya yi daidai, domin wanda bai taɓa yi ba gara ya fara da nauyin da katako zai yafe masa ƙananan kurakurai. Saurayin ya ɗan ɓata rai, daga baya ya haƙura.

Tsarin da aka bi shi ne na Antonio de Torres, mutumin Almeria ta ƙasar Sifen, wanda ya rayu daga 1817 zuwa 1892, kuma kusan duk jitar nailan ta yau a kan fasalinsa take: tsawon tsirkiya milimita 650, fuska siririya, da siraran sanduna 7 a ƙarƙashinta da ke buɗewa daga wajen baki zuwa gindi. A 1862 Torres ya haɗa wata jita wadda bayanta da gefenta na kwali ne, fuskar kaɗai ce ta itacen kirki, don ya nuna cewa fuska ce ke ba da sauti. Wannan labari ya shiga kan kafintan sosai, kuma shi ya sa neman katakon fuska ya fi komai cin lokaci.

A Kasuwar Katako akwai maɗaci, akwai obeche, akwai malaina da iroko, amma fuska tana son itace marar nauyi, mai tauri a tsaye, mai miƙaƙƙiyar jijiya, wanda aka tsaga daga tsakiyar gungume zuwa bayansa yadda layukan shekara za su tsaya a tsaye. Masu wannan sana'a a duniya sifurus suke sa wa, wani itacen ƙasashen sanyi dangin fayin, kuma ba ya fitowa a nan. Mafita ta zo ta hannun 'yan gwangwan. Sun sayi wata matacciyar fiyano daga wata tsohuwar makaranta saboda ƙarfen cikinta, allon sautinta kuma suna shirin sayar wa masu tuya a matsayin itacen wuta. Allon sautin fiyano sifurus ne, kaurinsa wajen milimita 8, an haɗa shi da falle-falle. Kafintan ya ɓamɓare sandunan bayansa da ruwan zafi, ya kauce wa ramukan sukurori, ya sami abin da zai ishi fuska biyu, kowacce daga falle 4. Wannan ba aibi ba ne, Torres kansa ya yi jitoci da dama da fuskar da aka haɗa daga falle 3 ko 4.

Baya da gefe da wuya na maɗaci ne. Mutane da yawa ba su san cewa maɗacin da ke bakin titunanmu dangi ɗaya ne da mahoganin da Turawa ke yin jita da shi ba, haka ma darbejiya. Wahalarsa ita ce jijiyarsa a sarƙe take, idan aka bi shi da filen sai ya riƙa ɓantalewa, don haka kafintan ya yanki guntun tsohon zarto ya wasa gefensa, ya riƙa kankara har gefen ya sauko milimita 2. Allon yatsu, wanda ake danna tsirkiya a kansa a jikin wuya, da jaki kuwa na madobiya ne, daga jikin wani tsohon gado. Da gangan ya ƙi sayen sabuwa. An yi wa madobiya kisan ƙare dangi a Taraba da maƙwabtanta ana loda ta zuwa China, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji, ke sa ido kan cinikinsu daga 2017. Abin da jita ɗaya ke ci bai fi tsawon kamu guda ba, kuma tsofaffin kayan ɗaki sun wadatar.

Lanƙwasa gefe bai ba shi wahala ba. Ya ɗaure guntun bututun ƙarfe a jikin teburi, ya zuba garwashin gawayi a ciki, ya jira har ɗigon ruwa ya riƙa rawa a kai maimakon ya kwanta, zafin da ke tsakanin digiri 150 zuwa 180 ke nan. Sai ya jiƙa fallen kaɗan, ya riƙa goga shi a bututun yana dannawa a hankali har ya bi zanen. Falle ɗaya ya karye a ƙugu, sauran sun yi.

Wurin da na fi amfani shi ne firet, ƙananan ƙarafunan da ke gicciye a allon yatsu. Ba a kwafar wurarensu daga wata jita da tef ɗin tela. Ana raba tsawon tsirkiya da 17.817, abin da ya fito shi ne nisan firet na farko daga ƙashin sama, wato ɗan ƙashin da tsirkiya ke hawa a ƙarshen wuya, sai a cire shi daga tsawon, a sake raba ragowar, haka har 19. A tsawon 650, na farko yana kan 36.5, na biyu 70.9, na biyar 163.1, na bakwai 216.2, na 12 kuma 325 cif, rabin tsirkiya. Dukkansu daga ƙashin sama ake auna su, domin wanda ya riƙa aunawa daga wannan firet zuwa na gaba kuskurensa taruwa yake yi. Ƙashin jaki kuma, wanda tsirkiya ke hawa a kan jaki, ana matsar da shi baya da kimanin milimita 2, saboda danna tsirkiya yana ɗan ƙara mata ɗauri. Wayar firet da makunnan ɗaurin tsirkiya daga Legas aka sayo su. Ƙashin sama da na jaki daga ƙafar sa ne, aka karɓo wurin mahauta, aka dafa, aka cire maiƙo, aka shanya.

An manna sandunan ciki aka rufe akwatin jitar farko a watan Agusta, da farin gam na kafintoci, ana ruwa kusan kullum. A ƙarshen Satumba aka ɗaura tsirkiya. Sautin ya ba kowa mamaki, ya fi na 'yar China zurfi da daɗewa nesa ba kusa ba, kuma saurayin ya biya ya tafi da ita. A tsakiyar Janairu ya dawo da ita a rungume. Tsaga biyu sun taso daga gefen jaki zuwa gindi, ɗaya har tana nuna haske. Fuskar da take da ɗan tudu ta lotsa. Tsirkiyoyi sun sauko suna gogar firet suna zuza, kuma bakin kowane firet ya leƙo daga gefen allo yana yankar yatsa. Ya ce, "Baba, wallahi ban yar da ita ba. A jingine take, da dare na ji ƙas." Kafintan ya juya ta ya sake juyawa, ya ce, "Na sani, ɗana. Ba kai ba ne."

Zargin farko ya tafi kan tsufan katakon, na biyu kan gam. Babu ɗaya da ya dace da abin da ke gabanmu. Tsagar ba ta bi layin haɗin falle ba, ta ratsa lafiyayyen itace ne, gam ɗin kuma yana riƙe. Bakin firet da ya leƙo shi ya tona asirin, domin ƙarfe ba ya tsawo haka kawai, allon madobiyar ne ya tsuke ya bar shi a waje.

Katako ko ya shekara ɗari a bushe bai daina shan danshin iska da fitar da shi ba. Kowa ya san ƙofar da ke ƙin rufuwa da damina, ta koma tana lilo da rani. Idan danshin iska yana kashi 80 cikin 100, ruwan da ke cikin katako yakan tsaya a wajen kashi 16 na nauyinsa. Idan danshin ya sauko kashi 45, ruwan yakan koma kashi 8 da ɗoriya. A kashi 20 kuwa bai kai kashi 5 ba. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, tana samun ruwan sama wajen milimita 1,400 a shekara, kusan duka tsakanin Afrilu da Oktoba. A Agusta danshi yana haura kashi 80, da ranar Janairu kuma, idan hunturu ya kankama, yana faɗowa ƙasa da 20. Wato katakon da aka manna a Agusta zai rasa ruwan da ya kai kashi 10 na nauyinsa ko fiye kafin Fabrairu. Sifurus da aka tsaga yadda ya kamata yana tsukewa a faɗi da kimanin 0.15 cikin 100 kan kowane kashi ɗaya na ruwan da ya fita. Faɗin fuskar a wurin da ta fi buɗewa milimita 370 ne. Idan aka buga lissafin, fuskar tana neman ta tsuke da milimita 5 ko fiye.

Da a sake take da ta tsuke lafiya. Amma itace a faɗi yake motsi, a tsawo kusan ba ya yi, kuma jaki da manyan sandunan da ke sama da ƙasan baki duk a gicciye aka manna su, gefen jitar kuma ya riƙe ta ta ko'ina. Allo mai kaurin milimita 2 da ɗoriya da ake ja ta dama da hagu ba shi da abin yi sai ya tsage. Filawud ba ya haka domin kowane falle nasa yana gicciye da na kusa da shi, suna riƙe juna, kuma wannan ne dalilin da jitocin kanti masu arha ke jure hunturu duk da raunin sautinsu. Wannan gaskiya ce da bai kamata mai son aikin hannu ya ɓoye ta ba.

Masu haɗa jita a ƙasashen waje suna riƙe ɗakin aikinsu a danshin kashi 45 zuwa 50 da na'ura. A gidan da wuta ke zuwa tana tafiya wannan ba abin dogaro ba ne. Abin da kafintan ya gane, kuma ni a wurina shi ne zuciyar lamarin, shi ne cewa Jos da kanta tana ratsa wannan danshi sau biyu a shekara, lokacin da damina ke fita da lokacin da take shirin shigowa. Kuma katako ya fi jure kumbura a kan tsukewa: fuskar da aka manna a bushe idan ta sha danshi tudu take yi, wadda aka manna a jiƙe idan ta bushe tsagewa take yi. Saboda haka ya yanke shawarar rufe akwati a ɗan ƙasa da abin da Turawa ke yi, wajen kashi 40, don jitar a nan za ta zauna.

Ya sayi ƙaramin ma'aunin danshi mai batir. Irin waɗannan sukan yi ƙarya, don haka muka gwada shi da gishiri: a zuba gishirin miya a murfin kwalba, a ɗiga ruwa har ya jiƙe ba tare da ya narke ba, a rufe shi da ma'aunin cikin leda marar huji a bar su kwana. Iskar ciki za ta tsaya a kashi 75. Nasa ya nuna 71, sai muka san a riƙa ƙara masa 4. Daga nan ya raba aikin jita ta biyu bisa kalanda. Da damina ya yi duk abin da danshi bai dame shi ba: sassaƙa wuya, lanƙwasa gefe, fere ƙashi, kankare alluna zuwa kusa da kaurinsu. Bai manna ko sanda ɗaya a gicciye ba. Saurayin ya yi ta zarya yana cewa, "Baba, ai komai ya kammala, me ake jira?" Amsar kullum ita ce, "Iska muke jira." A farkon Nuwamba ma'aunin ya fara sauka, aka jera allunan a kan tsinke iska na ratsa su, da ya zauna tsakanin 38 da 42 na wasu kwanaki a jere sai ya manna sandunan fuska da na baya, ya rufe akwatin cikin mako guda.

Ya canza wasu abubuwa biyu. Ya rarake allon da ake kwantar da fuska a kai da zurfin milimita 3 a wajen gindi, ya danna sandunan ciki a cikin ramin da tsinkayen gora da ya tokare da katakon sama, ta yadda fuskar ta fito da tudu na gaske. Idan rani ya ja ta, tudun ne zai fara kwantawa kafin itacen ya ji ciwo. Sannan ya bar farin gam ya koma gam ɗin fata, wanda ake narkarwa a ruwan zafi mai digiri 60, ba a bari ya tafasa. Farin gam yana ɗan saki a hankali idan ja ya daɗe a kansa ga zafi, na fata kuwa yana bushewa ƙam, kuma idan gyara ya taso ana buɗe shi da ɗumi da danshi ba tare da an fasa itace ba. Matsalarsa a Jos ita ce sanyi. Da safiyar Nuwamba yana daskarewa kafin a kai hannu, don haka sai da hantsi yake aikin, ya ɗumama katakon a kusa da kaskon wuta, ya ɗaure da robar tub ɗin babur da ya yanka tun kafin ya taɓa gam.

A wurin shafe ma ya bar al'adarsa. Masu kayan ɗaki sun saba fesa fenti mai kauri don sheƙi, amma nauyin da aka ɗora wa fuska sauti yake ci. Ya narka shalak, wani irin busasshen ƙaro da ake shafe katako da shi, a sifirit, ya riƙa shafawa da ɗan ƙunshin auduga cikin tsumma, siriri a kan siriri. Ba ta ƙyalli irin na kanti, kuma farce yana yi mata tabo da sauƙi.

A hunturun farko jitar ta biyu ta zauna a cikin jakarta duk lokacin da ba a kaɗa ta, tare da jiƙaƙƙen soso a cikin robar sabulu da aka huhhuda. Tudun fuskar ya ragu, bakin firet ya ɗan leƙo aka goge shi da magagari sau ɗaya, amma babu tsaga. Da damina ta dawo sai akasin haka ya faru: fuskar ta kumbura, jaki ya ɗaga, tsirkiyar da aka saita milimita 4 a saman firet na 12 ta kai kusan 5, hannun saurayin ya fara gajiya. Maganin bai wuce ƙashi ba. Ƙashin jaki ba a manne yake ba, a cikin tsagi yake zaune, don haka kafintan ya fere masa guda biyu, gajere na damina da dogo na rani. Rage ƙashin da milimita 2 yana sauko da tsirkiya da milimita 1 a firet na 12, tunda nan ne rabin tsawonta. Yanzu saurayin da kansa yake canzawa, a Mayu da Nuwamba.

Ta farkon ma ba a yar da ita ba. An jira watan Maris, aka ɗan ba ta danshi har bakin tsagar ya matso, aka cusa siririn sifurus a babbar, aka manna ƙananan faci ta ciki. Tana kaɗuwa, sai dai kowace shekara sai an sa mata ido, domin an haɗa ta ne a kan faɗin da katakon ba zai sake kaiwa ba sai da damina.

Batun kuɗi ba ya daɗi. Idan aka ƙirga kwanakin da aikin ya ci da abin da kafintan zai samu a gadaje da ƙofofi cikin wannan lokaci, jitar ba ta mayar da wahalarta ba, kuma babu yadda za ta yi gogayya da ta kanti a farashi. Abin da ya fara shigo masa da kuɗi shi ne gyara. Makaɗan coci-coci da na situdiyo sun ji labari, suna kawo masa masu ɗagaggen jaki da karkataccen wuya, mafi yawansu a Janairu da Fabrairu, kuma yanzu tambayar da yake fara yi ita ce a ina ake ajiye ta. Allon fiyano ya ƙare, kuma ba kullum ake samun wani ba. Ya zaɓo obeche mai miƙaƙƙiyar jijiya a Kasuwar Katako, ya sa an tsaga masa yadda yake so. Obeche bai kai sifurus tauri ba, don haka zai bar fuskar ta fi kauri, wajen milimita 3, ya kuma ƙara tsayin sandunan ciki. Allunan suna jere a kan tsinke tun bazara, wuya da gefe sun kammala, mannawa kuma sai Nuwamba.